Abincin Sadakar da Na Ci a Delhi Zai Raba Ni da Matata

Malam Nasidi, don Allah ka cece ni. Bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina, yau kwana tara ko fura ba ta wuce mini.

Ni direba ne, Kaura Namoda zuwa Shinkafi nake yi. Karatuna aji huɗu ne, shi ma rabinsa a tasha na yi shi. Bara na kai ɗiyata Firdausi birnin Delhi na Indiya aka yi mata aikin zuciya, alhamdulillahi ta tashi. Ita asibiti ke ciyar da ita, ni kuwa sai titi. Malam, garin nan ko'ina ci ake yi. Ga masu suya a bakin hanya, ga shayi a ɗan kofin ƙasa, a shanye a fasa. Gidan abinci ma wani na masu cin nama ne, wani na waɗanda ko ƙwai ba su taɓawa. Ga shanu na yawo kamar hakimai, ba mai yanka su. Sau ɗaya na ci shinkafa da naman akuya a unguwar Musulmi, yaji ya sa ni kukan da ban yi ba ranar rasuwar kakata. Unguwar kuma da nisa, sauran wurare ina tsoron cin mushe.

Sai wani mai shara a asibitin ya nuna mini wani farin gini mai ƙubba. Na tarar da dattawa, gemu har ƙirji, rawani tsaf. A tuɓe takalmi, a wanke ƙafa, a rufe kai, a zauna sahu-sahu a ƙasa. A ba ka gurasa da miyar wake kyauta, har da ƙari. Na ce a raina lallai Shari'ar nan ta fi ta Gusau kankama! Mako uku ina zuwa, har wanke-wanke na taya su.

Da na dawo, ba majalisar da ban ba labarin malaman Indiya ba. Ran kasuwar Shinkafi ina cikin zuba, sai Mubashir mai kemis, wanda ya yi karatu a can, ya ce ai waɗannan Sik ne, addininsu daban, gidan ibadarsu na yi ta shiga. Aka yi dariya, ni ma na yi. Kafin mako ya zagayo maganar ta isa Zurmi wurin surukina Alhaji Sanda. Ya aiko aka tafi da matata Kulsumu da yara, wai sai alƙali ya duba ko na yi ridda, don in na yi, aure ya mutu.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Rana ɗaya na bi layi har cikin babban ɗakin, na ga kowa na duƙawa gaban wani littafi a lulluɓe. Na zaci Alƙur'ani ne, ni ma na duƙa. Yanzu ko babur ya tsaya a ƙofar gida sai in ce sammaci ne. Shekara sha tara muna tare da Kulsumu. In ɓoye wannan ko in faɗa?

Direba mai surutu, Kaura Namoda

AMSA

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka ka ci abinci. Ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma abin da na ji daga malamai shi ne ba a fitar da mutum daga Musulunci kan abin da ya yi cikin rashin sani. Gurasa da wake ba yanka ba ne. Mutanen nan kuma sun ciyar da kai lokacin da kake baƙo da majinyaciya, kada tsoro ya sa ka zage su.

Sai dai ka yi wa Alhaji Sanda uzuri. Labarin ya bi ta baki goma kafin ya isa kunnensa, kuma kai ka mai da shi abin raha a kasuwa. Uba ne, ɗiyarsa yake ji wa tsoro.

Kada ka jira sammaci. Nemi malamin da surukinka ke girmamawa, ka faɗa masa komai har da duƙawar, ka roƙi Mubashir ya raka ku Zurmi ya yi bayani. Ka bar barkwanci a gida ranar.

Amma kafin malam, kafin alƙali, Kulsumu ce ke da haƙƙin ji daga bakinka. Ka nemi izinin ganinta a zaure ka gaya mata da kanka. Allah ya mai do maka da iyalinka, ya ƙara wa Firdausi lafiya.

Malam Nasidi