Tarin Fuka Ne Ya Ɗauke Inna Mai Kwalba, Ba Za Mu Ɓoye Ba

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Ma'aikatan Gano Tarin Fuka ta samu labarin rasuwar uwarmu, shugabar sashen bi gida-gida, Hajiyar da kowa ya sani da Inna Mai Kwalba, wadda Allah Ya karɓi ranta da safiyar Talata bayan jinyar wata goma sha ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An ba mu shawara daga sama mu rubuta cewa gajeriyar rashin lafiya ta yi. Mun ƙi. Tarin fuka ne, irin wanda ba ya jin maganin farko, kuma a bakin aiki ta ɗauke shi, a ɗakin karɓar kaki mai taga ɗaya, wanda sau huɗu tana rubuta takarda a fasa masa ta biyu.

Shekara goma sha tara marigayiya ba ta zauna jiran mai tari ya kawo kansa asibiti ba. Da akwatin sanyi a kafaɗa take shiga garejin makanikai, gidajen haya da gidan yari, in magidanci ya ce ai mura ce kawai, sai ta ja benci ta zauna ta ce, "Alhaji, murar sati uku ba mura ba ce. Tofa mini a kwalbar nan, in na yi ƙarya ka kore ni da tsintsiya." Ita ta kafe har aka fara gwada duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da mai cutar.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyya ga mai girma mijinta, da dattijuwa mahaifiyarta, da 'ya'yanta uku, tana roƙon Allah Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta, Ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Masu shirin rufe sashenta da sunan ba mai riƙe shi, su sani mu ashirin da shida ta koyar, kuma ba mu ajiye aiki ba. Da izinin iyalanta, duk kwanakin zaman makoki ma'aikatanmu na nan a ƙofar gidan. Wanda ya zo gaisuwa yana tari fiye da sati biyu, ya yi mata addu'a, sannan ya tsaya a gwada shi.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Ma'aikatan Gano Tarin Fuka