Takardar Badi'a

Litinin, 6 ga Mayu, 2024
Badi'a ta kawo mini takardar shiga soja, wai sai uba ya sa hannu. Autata guda! Na ce ta ɗauke mini ita daga kan tabarma. Ta ce, "Baba, ai ku ma kun yi." To ai don na yi ne na ce a'a.

Laraba, 8 ga Mayu
Ina bakin ƙofar kamfanin fatar da nake gadi a Challawa, sabon manaja ya daka mini tsawa, wai ban ji hon ɗinsa ba. Yaron da yake goye lokacin da nake Laberiya! Bam ne ya kashe mini kunnen hagu, ba gyangyaɗi nake ba. Ban ba shi haƙuri ba, ba kuma zan bayar ba.

Asabar, 11 ga Mayu
Matata Zainab ta shigar wa 'yarta. "Malam, aikin jinya fa ta karanta, ba harbi za ta ba." Na ce harsashi ba ya tambayar me ka karanta.

Talata, 14 ga Mayu
Yau an sauke ɗanyun fatu, warin ya mai da ni Saliyo. Janairun 1999, muna tsaron wata gada, 'yan tawaye suka saka mata da yara a gaba suna tahowa. Ka harbi wa? Muna wannan jinkiri aka sami Musbahu, abokina ɗan Kazaure, a cinya. Mai ba mu magani ya riga ya faɗi tun da safe. Na ɗaure wurin da bel ɗina, na goya shi na yi ta tafiya, jini na bin bayana har cikin takalmi. Ashe ba a inda ya dace na ɗaure ba. Daga baya likita ya faɗa mini. Da ma bai faɗa ba.
Maganar Musbahu ta ƙarshe, "Usaini, ka gaya wa Inna ban gudu ba." Na je na gaya mata. Ba wanda zai zo ƙofata da irin wannan saƙo.

Juma'a, 17 ga Mayu
Na ba Daniel labarin, abokin gadina mutumin Kafanchan, shi ma tsohon soja, Darfur ya yi. Ina jiran ya goyi bayana, sai ya ce, "Saje, da a ce akwai irin Badi'a a kan gadar nan ran nan fa?"
Na ce ya rufe mini baki. Har muka tashi ban ƙara kula shi ba.

Lahadi, 19 ga Mayu
Gaisuwa kawai ke haɗa ni da Badi'a. Ta yi ta yi. A wurina ta gaji taurin kan.

Alhamis, 23 ga Mayu
Na fito daga sallar asuba na hango ta a titin Zawaciki tana gudu. Da silifas! Baki buɗe, hannuwa na reto kamar mai korar kaji. Ban san lokacin da na ce, "Ke! Ɗaga gwiwa, ja numfashi ta hanci!" ba. Na bi ta har kwanar gidan mai. Yanzu ƙafata ko taɓuwa ba ta yi.
Ba yarda na yi ba. Na dai ce ta nemi kambas, gobe biyar da rabi ta tashe ni. Ba za a ce 'yar Saje Usaini ce ta zo ta ƙarshe ba.