Rantsuwar da Na Yi wa Gwaggo Hajo a Majigi

Laraba, sha biyu ga Rajab, Sabon Birni.

Na kasa barci. Yau mai majigi ya kafa farin ƙyallensa bakin kasuwa. Hotunan nan ne da ba su magana, sai rubutun Faransanci. Da anka nemi mai fassara, ni uban iyawa na miƙe, wai don ina kai fatu Maraɗi. Faransancin nawa ko bai wuce gaisuwa da ciniki ba.

Na dogara ne da wanda na kalla a Maraɗi bara. Can ma, kamar wanga na yau, saurayi ya tafi yaƙi, budurwa tana jiransa bakin ruwa, daga baya ya dawo anka sha biki. Na ɗauka duk labarin Nasara ɗaya ne, sai na yi ta sa musu magana a baki.

Gwaggo Hajo, wadda ɗanta ya tafi soja har yau ba labari, ta jawo bakin rigata, ta nuna saurayin da ke kan ƙyallen. "Ɗan nan, za shi dawowa?"

Na ce, "Wallahi Gwaggo, za shi dawowa. Na gani da idona."

Bai dawo ba. Takarda anka kawo, yarinyar ta karanta ta yanke jiki ta faɗi, ƙyalle ya koma fari. Na Maraɗi ya fi daɗi, amma wanga ya fi kama da duniya. Ni ko har da rantsuwa!

Da ma zagina ta yi. Tabarmarta kawai ta naɗe, ta ce, "Gobe ka zo gida ka ba ni na Maraɗin."

Za ni. Amma da wane ido za ni dube ta?