Ɗanyen Itacen Buji

Daga Zinariya a Takur, zuwa ga Yayana Malam Maharazu a Buji. Gaisuwa mai yawa da girmamawa.

Bayan haka, Yaya, Inna ba ta da lafiya. Nasara za su gina bariki, an haƙa ramukan gasa tubali gabas da gidanmu. Tun da aka kunna musu wuta, hayaƙi ke kwanciya tsakanin duwatsu kowace safiya, har ba a hangen dabinon bakin rijiya. Fukar Inna ta tashi, ko Fatiha sai ta tsaya sau uku kafin ta kai ƙarshe. Matan da nake karantarwa a gindin tsamiya rabinsu tari suke. Jaririn Hassana maƙwabciyarmu ya rasu ran Talata. Ban ce hayaƙin ne ba, Allah ne masani, amma da kunnena na ji yadda ƙirjinsa ke kuka.

Ka sa mu a addu'a. Wassalam.

*

Daga Maharazu zuwa ga ƙanwata Zinariya. Aminci ya tabbata a gare ki.

Takardarki ta iso, hankalina ya tashi ƙwarai. Ki shirya Inna, zan turo yarona Sale da jaki ya kawo ta nan. Amma ki ji ni da kyau: aikin Nasara ba abin sa baki ba ne. Ki kama bakinki, tubali zai ƙare. Allah ya ji ƙan jaririn, ya ba Hassana haƙuri.

Haza wassalam.

*

Yaya, ina gaisuwa.

Sale ya komo da jakinsa ba kowa. Inna cewa ta yi, "In na tafi, sauran tsofaffin unguwa wa zai aiko musu jaki?"

Ni kuma ban iya zama ba. Na ɗaura ƙyalle a kan gora bisa katanga don in san motsin iska, kwana goma ina lura. Hayaƙin ya fi nauyi daga asuba zuwa hantsi, in rana ta take sai iska ta ɗage shi. Na bi gida gida na faɗa wa mata. Yanzu ba mai fita sussuka ko ɗiban ruwa sai ƙyallen ya motsa, karatu kuma mun mayar da shi bayan la'asar. In ƙyallen ya kwanta, yara da tsofaffi suna ɗaki, an rufe ƙofa da jiƙaƙƙen asabari. Tari ya ragu, amma bai tafi ba.

Jiya na saɓa maka. Na yafa mayafi, mijina ya raka ni wurin Barau, shugaban masu gasa tubalin. Idanunsa jajur, shi ma tarin yake. Na ce, "Malam Barau, ba mai gasa tukwane a garin nan? Ba mu taɓa ganin hayaƙi irin wannan ba."

Ya ce, "Malama, da busasshen itace ake kawo mini, da ko rabinsa ba ki gani ba. Ɗanye ake jibge mini. Ki tambayi yayanki, ai shi ke turo jakunan Buji."

Yaya, gaskiya ne? Ban gaya wa Inna ba. Ina jiran amsarka.

*

Zinariya, ƙanwata.

Gaskiya ne. Dagaci ya ɗora mini tara itacen, kaya ashirin duk mako. Busasshe sai an yi tafiyar wuni cikin daji, ga mutane suna tsakiyar girbi, sai na ce su sari na bakin gari. Ban san inda hayaƙinsa ke sauka ba sai da na karanta takardarki ta farko, kunya kuma ta hana ni faɗa.

Yau na tara mutanen na karanta musu taki ta biyun. Wasu sun yi gunaguni. Na ce wanda ba zai je ba ya ba ni gatarinsa. Gobe bayan asuba za mu shiga daji, ni ne a gaba, ko da dawata za ta kwana a gona. Ki gaya wa Inna da bakinki, ni ba zan iya ba.

Ki yafe mini. Wassalam.

*

Yaya, sannu da aiki.

Busasshe ya iso, Barau yana godiya. Yau Inna ta taka da ƙafarta har masussuka. Na gaya mata komai. Ta ce in rubuta maka: kaya na gaba kada ka turo Sale, ka rako su da kanka, tana son ganin hannuwanka da suka riƙe gatari.

Ƙanwarka, Zinariya.