Irin Gidan Ɗalha

Maiyama, 3 ga Nuwamba, 2009

Yaya Waliyyu,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da Inna. Manhajar da na rubuta da harshen kwamfuta na Python, mai lissafa wa manoman Mungadi ranakun ban ruwan albasa, ta tsaya cak. Ɓangaren da ka rubuta mini da harshen C don ya yi sauri, ka harhaɗa a kwamfutarka ya koma siffar da na'ura kaɗai ke karantawa, ya ƙi shiga tawa. Da na kira shi sai ta ce ba ta san shi ba. Python ɗina da naka ba zubi ɗaya ba ne. Ka aiko mini da asalin rubutun in harhaɗa nan da kaina. Dashe saura kwana goma, kuma na yi wa mutane alkawari.

Ƙanwarka, Hamdiyya

Aliero, 5 ga Nuwamba

Hamdiyya sarkin gaggawa,

Muna lafiya, Inna tana gaishe ki. Ga wani na sake harhaɗawa daidai da zubin naki, yana cikin filashin da Sabo direban Jega zai ba ki. Asalin rubutun kam shekara biyu na yi ina gyaransa, bari ya zauna gida. Ki gaida maigidanki.

Yayanki, Waliyyu

Maiyama, 8 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso, kuma ya yi aiki kwana biyu. Jiya aka canja mana kwamfutar ofis, ya sake ƙin shiga. Haka za mu yi ta yi, duk sauyi sai na jira motar Sabo?

Na daɗe ina juya maganarka ta "ya zauna gida". Na san inda ka ɗauko ta. Marigayi Baba Ɗalha ya sayar da albasa har kudu, amma bai taɓa ba bare ko cokali ɗaya na iri ba. Na tuna Ɗantani maƙwabcinmu ya roƙa, Baba ya cika masa buhu da albasa ya ce, "Ka ci wagga, iri na 'yan gida na." Ni nake tsince irin nan a faifai, ni nake ƙulle shi a tsumma. Ban san ranar da aka kai ni Maiyama na koma Ɗantani ba. Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba.

Idan al'adar ce, faɗa mini in sani. Zan ba manoman haƙuri, in zauna in koyi C ko da zai ci mini shekara. Ka gaida Inna.

Hamdiyya

Aliero, 10 ga Nuwamba

Hamdiyya,

Gaisuwa mai yawa. Na karanta wa Inna takardarki. Ta tashi ta shiga ɗaki, ni kuwa kunya ta rufe ni.

Asalin rubutun duka yana cikin filashi, da bayanin yadda za ki harhaɗa shi a kowace kwamfuta. Ƙullin tsumman da ke tare da shi daga Inna ne. Ta ce ki duba ɗaurin, naki ne, ba wanda ya kwance shi tun da kika tafi.

Allah ya ba da yabanya mai kyau.

Yayanki, Waliyyu