Da Yawuna

Tudun Kalla, ta Garhanga
14 ga Oktoba, 1979

Zuwa ga ɗana Ɗan'azumi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka isa Damagaram lafiya, ka tarar da 'yan lakwal ɗinka, yaran makarantar bokon da kake koyarwa, lafiya. Ya gajiyar hanya? Ya ƙarin haƙurinmu? Mu nan sai godiyar Allah.

Kwana bakwai ka yi a gida, sau biyu kana tambayata yadda na ji labarin, ina sunkuyar da kai. Ka san ɗan fari ba a sakin baki da shi gaban mutane. A takarda zan fi iyawa, ko da yake rubutuna na karatun manya ne, ka yi haƙuri da karkatarsa.

Ba wanda ya faɗa mini. Ina tuƙa tuwo aka tada sallar magariba. Shekara talatin da ɗaya ina jin muryar Malam mahaifinka ta bayan katangar nan yana jan salla, har na san inda yake sauke numfashi. Ran nan sai na ji muryar Tsoho ladan. Ban damu ba, na ce motar da za ta dawo da Malam daga Buza ce ta makara. Amma da ya kai tsakiyar Fatiha sai muryar ta karye, ya sake daga farko. Tsoho fa, wanda ko zazzaɓi ba ya rage masa murya! Muciya ta suɓuce daga hannuna. Kafin baffanka Isaka ya yi sallama ya fara cewa wai kamyo, babbar motar kaya, ya kife a gangaren dutse, wai Malam ya ɗan ji rauni, ni na riga na cire 'yan kunnena.

Har yau abin bai zauna mini ba. Mutum ya sha koko, ya ce za shi kasuwar Buza sayen takardar rubutu, ya ce in ajiye masa ƙanzo. Shi ke nan.

Abin da aka kawo mini nasa: rawani, tasbaha, takalmi ƙafa ɗaya, da wata sabuwar laya ta jar fata da aka samu a aljihunsa. Allah ya gafarta mini, na ji haushin layar nan. Na ce ina tsarin da ta yi? Amma laya ba a buɗe ta, ba a yar da ita, sai na jefa ta ƙasan kwalla na rufe.

Na ji abin da ka faɗa wa baffanka kan babban karatun addinin nan na ƙasar Larabawa da aka karɓe ka. Ka ce burs ɗin, wato tallafin karatun, ci da kwana kawai ya ɗauka, biye, wato tikitin jirgi, a wuyanka yake, albashin malamin lakwal kuwa bai kai ba. Ka ce an tuɓe shugaban makarantar, malamanta sun rabu gida biyu, ba ka san hannun wa za ka faɗa ba. Ga maganar Malam ta bazara, da ya ce gaban mutane in ka tafi ba da yawunsa ba. Ka ce ka kusa haƙura, za ka ba dattawa amsa ran sadakar arba'in kan limanci.

Ba zan ɓoye maka ba, cikin baƙin cikin nan wannan ce maganar da ta sanyaya mini rai. Ina so in sake jin muryar gidan nan ta bayan katanga.

Ƙanwarka Rabi da mijinta Sani suna gaishe ka. Sunanka da ke bayan ambulan ita ta rubuta. Allah ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka,
Saude


Tudun Kalla
26 ga Oktoba, 1979

Zuwa ga Ɗan'azumi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka. Wasiƙarka ta iso, da sabulun, Allah ya yi albarka.

Muna lafiya. Ana ta yankan gero, namu mutanen masallaci suka yi gayya suka yanke. 'Yan gaisuwa sun ragu, sai na nesa. Shekaranjiya Jima baduku ya zo daga Buza.

Baffanka ya sayo maka rawani fari daga Madawa. Ya aiko mini in gani, ya ce, "Saude, taɓa ki ji, irin wannan ko alƙalin Tawa sai ran Juma'a." Yana cewa limancin garin nan tun kakan kakanku bai fita zauren nan ba, ba a kansa zai fita ba. Sallar idi ta bana Tsoho zai ja kafin ka zo.

Ka tambaya ko Malam ya bar wata magana a kanka. Ka san halinsa, ba mai yawan magana ba ne.

Kaina yana ciwo, zan tsaya nan. Allah ya kai mu Salla lafiya.

Mahaifiyarka,
Saude


Tudun Kalla
3 ga Nuwamba, 1979

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Barka da Salla, ina fatan ka yi ta lafiya. Wannan ba ta posta za ta bi ba, Sani na roƙa ya kawo maka hannu da hannu, tare da ƙunshin da zai ba ka. Ka zauna kafin ka ci gaba.

Wasiƙata ta baya akwai ƙarya ciki. Ka yi mini tambaya, na kewaye ta. Kwana goma ke nan ina ɗauke da abin, ko naman Salla ya ƙi wuce mini.

Ran da Jima ya zo, ya tsuguna bayan labule ya yi gaisuwa, sai ya ce, "Uwargida, saƙon kuwa ya isa Damagaram?" Na ce wane saƙo? Ya ce, "Layar mana. Shekara ashirin ina ɗinka wa Malam layu, ban taɓa ɗinke aya mai lamba da hoton mutum ba sai ran nan." Ya ce Malam ya zauna a rumfarsa tun hantsi, ya miƙa masa takardun kuɗi a naɗe da wata 'yar wasiƙa, ya ce a ɗinke kamar laya, don ko ɓarawo yana tsoron laya. Ya nemi direban da zai yarda da shi mai zuwa wajenka, bai samu ba, ya ce sai kasuwa mai zuwa. Da ita a aljihu ya hau kamyon.

Ɗana, ban san lokacin da Jima ya tashi ba. Na ɗauko layar daga kwalla, na sa aska. Ni da nake zagin ta don ba ta tsare shi ba, ashe ba don kansa ya yi ta ba.

Shanun noman nan biyu da ya ce mini ya ba Bafillace kiwo, ashe sayar da su ya yi. Ni ina ta tanadar musu dusa.

Wasiƙar da ajami ya yi ta. Da yatsa na bi ta, harafi harafi, har la'asar. Za ka gani da idonka, amma bari in kwafe maka, don in tabbata ni ma na faɗa:

"Alƙasim, ka tahi, da yawuna. Ga na jirgi. Batun shugabannin can, ba wurinsu za ka ba, wurin littattafai za ka. In ka ga gaskiya ta yi ƙaranci a wurin, ka komo gida, ba abin kunya ba ne. Limanci ba rigar gado ba ce, Tsoho ya iya salla. Kada ka gaya wa Isaka, ni zan gaya mishi da kaina."

Ka ga sunanka na yanka. Shekara ashirin da tara bai fito daga bakina ba, yau hannuna ya rubuta shi.

Na yi ta tunanin abin da ya juya shi, shi da ba ya tauna magana biyu. Ina jin tun azumi ne, lokacin kana Yamai kana neman taimakon biye. Wani saurayi da ya dawo daga cin rani ya tashi a wurin tafsiri ya tambaye shi hujjar wata fatawa ta gado, a wane littafi take. Malam ya ce haka ya ji daga mahaifinsa. Samari suka yi 'yar dariya. Ya shigo gida bai taɓa tuwo ba, ya zazzage gafakarsa duka a tabarma yana buɗe littattafai. Na ce rabu da yaran zamani. Ya ce, "Yaron bai yi rashin kunya ba, Saude. Ni ne ban sani ba." Ban sake jin maganar ba. Ni ma bai gaya mini abin da ya ƙudura ba, don ya san ni.

Ya kuwa san ni. Da na gama karantawa abin da ya fara zo mini shi ne, Jima ya koma Buza, ba mai sake tambaya. In mayar da ita kwalla, arba'in ta zo, a naɗa maka rawani, wa'adin ƙarshen Nuwamba da aka ba ka ya wuce, makarantar ta rufe ƙofa. In ba ka kuɗin daga baya in ce na shanu ne. Da wannan zuciyar na rubuta maka waccan wasiƙa. Ka yafe mini. Tsoro ne. Ya fita sayen takarda bai dawo ba, kai kuma ga teku.

Ran Salla ban fita ba saboda takaba, amma filin idi ba nisa, iska ta kawo mini karatun. Tsoho ya ja salla tsaf, muryarsa ba ta karye ba. Na zauna a bakin ɗaki ina kuka, don na ji Malam ya yi gaskiya, ban kuma so ya yi gaskiya ba.

Ban san kome kan makarantar nan ba. Ko rikicin shugabanninta zai ɓata maka shekaru, ko takardarta za ta yi daraja in ka dawo, kai ka fi ni sani. Ka bincika wurin waɗanda suka je, ka yi istihara. In ka zauna, ka zauna don ka ga ya fi, ba don kana zaton mahaifinka ya hana ka ba. In kuma ka tafi, shekara huɗu ko biyar, ban san ko za ka tarar da ni ba, amma wannan na Allah ne. Ka tafi. Ni ma da yawuna.

Fatar layar na haɗa maka cikin ƙunshin. Ɗinkin Jima ne, ni na ɓata shi.

Rabi tana gaishe ka, ita kaɗai na gaya wa. Ka ba Sani amsa ya taho da ita. Allah ya yi maka zaɓi, Allah ya jiƙan Malam.

Mahaifiyarka,
Saude

Ƙari: saura kwana goma arba'in. Rawanin yana ɗakin baffanka a naɗe cikin takardarsa, yana nuna wa duk wanda ya shigo. Malam ya ce shi zai gaya masa da kansa, bai samu yi ba. Ni ma ban gaya masa ba tukuna.