Tef Ɗin da Aka Naɗa Daga Sama

Litinin, 7 ga Agusta 2023
Allurar mitar SWR, mai nuna dacewar eriya da waya a tashar rediyonmu, ta kai uku yau. Shekara biyu tana kan ɗaya da ɗigo biyu. Wayarmu, a ma'aunin lantarki, om hamsin ce. In eriya ba ta dace da ita ba, wutar da muka tura sama sai ta dawo ta gasa na'ura. Na rage ƙarfi. Daga nan Romi da muke, ko a Kamazou ba a jin tasharmu sosai.

Laraba, 9 ga Agusta
Manaja ya tambaye ni laifin wa. Na ce Malam Yakubu ne ya yanka guntuwar wayar daidaitawa ba bisa awo ba. Ban auna ba, na dai faɗa. An dakatar da shi, wai in ta tabbata kora ce. Shekara ashirin muna aiki tare. Da zai fita ya ce, "Oga Nathan, sau biyu na auna ta." Ban ɗago kai ba.

Juma'a, 11 ga Agusta
Ruwa tun safe. Allura ta kai uku da rabi.

Talata, 15 ga Agusta
Miriam, sabuwar injiniyarmu, ta lura allurar na hawa ne bayan ruwa, ta sauka in rana ta buɗe. Awon waya bai san damina ba. Ta hau turken eriya, ta kwance mahaɗin waya da eriya, ruwa ya zubo mata a hannu. Ta sauko da tef ɗin da aka naɗe shi don tare ruwa, ta ce, "Baba, wa ya naɗa wannan? Daga sama ya faro. Ai daga ƙasa ake farowa, kamar jera kwanon rufi."
Ni na naɗa shi a watan Afrilu, ina sauri saboda ciwon gwiwata. Ni da na koya wa mutane da yawa wannan ƙa'idar. Na ce mata ban tuna ba. Kunya ta hana ni cin abinci.

Alhamis, 17 ga Agusta
An yi sabon naɗi, allura ta koma wurinta. Kujerar Yakubu babu kowa.

Asabar, 19 ga Agusta
Na je Makera, wai neman sabon tef, alhali akwai a ofis. Ƙafa ta kai ni ƙofar Yakubu. Na miƙa masa tsohon tef ɗin, ya juya shi, ya gane naɗin hannuna. Sai ya ce, "Yaya gwiwar?"
Takardar da na rubuta wa manaja na cikin jakata. Sunana ne a ciki, a matsayin mai laifin.